Fitilar da Take Kiftawa

Akwai wani mutum a wani gari da wutar lantarki ba ta cika zama ba, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Mahaifiyarsa ita kaɗai ta rage cikin matan da suka san waƙoƙin yabo na farko da aka rera da yaren ƙauyensu, kuma ba wanda ya taɓa rubuta su. Da ya ga tsufa ya fara taɓa tunaninta, sai ya samo wata tsohuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka, ya ce zai rubuta waƙoƙin kafin su tafi tare da ita.

Kullum da hantsi yakan shimfiɗa mata tabarma a gindin dalbejiya, tana rerawa, yana bugawa da yatsu biyu. Aikin ba daɗi. Wata rana ta ba shi baiti uku, wata rana ta yi ta maimaita guda ɗaya har rana ta take. Shi ma ba yaro ba ne, bayansa yana ciwo, idonsa yana ruwa.

Mutumin nan kuwa yana da wani hali, ba ya kashe kwamfutar. Takan daɗe kafin ta tashi, shi kuma yana tsoron rasa inda ya tsaya. Murfin kawai yake rufewa, ta shiga gyangyaɗi. A gefenta akwai wata 'yar fitila mai kiftawa, muddin yana ganinta hankalinsa a kwance yake. Yana cin tuwo yana leƙenta, yana hira da baƙi yana leƙenta, sai ka ce jinjiri aka bar masa.

Wata rana ƙanwarsa Rahila, wadda take buga takardu a wani ofis, ta zo gaishe su. Ta ga yadda yake yi, ta ce, “Yaya, wannan ai ba hutu ba ne. Da ka take riƙe da aikinka, riƙon kuma batir yake ci. Ranar da batir ya ƙare, duk abin da ba ka adana ba ya tafi ke nan.”

Ta ce masa akwai wani dogon barci da ake kira haibanet, sai dai a ɓoye yake, sai mutum ya kunna shi da kansa. Ta shiga wurin saitin wuta, inda ake zaɓar abin da maɓallin kashewa zai yi, ta nemo wani ɗan akwati ta sa masa alama, ta adana. Nan da nan dogon barcin ya bayyana a jerin da ake kashewa. Ta ce, “In ka zaɓi wannan, za ta kwashe duk abin da yake buɗe ta zuba a ma'ajiyarta, sa'an nan ta ɗauke gaba ɗaya. Ba ta bukatar wuta. Ko wata guda ta yi a kwance, kamar gaiwa a cikin laka da rani, kana tashinta za ka tarar da komai yadda ka bar shi.”

Ya gwada. Allon ya yi baƙi, 'yar fitilar ta mutu. Ya danna maɓalli da sauri, sai ga aikinsa ya dawo har kalmar da ya tsaya a kai. Da idonsa ya gani. Duk da haka ya ce, “Na gani, Rahila. Amma in fitilar ba ta kiftawa, ta yaya zan san aikina yana nan?” Ta yi ta bayani har ta gaji, ta ɗauki jakarta ta tafi. Shi kuwa ya koma gyangyaɗinsa.

Ana nan, wata Alhamis tsohuwar ta tashi da tunaninta garau. Ta rera doguwar waƙar godiya ta lokacin kaka daga farko har ƙarshe, baiti goma sha tara, wadda ya yi wata biyu yana roƙonta. Ya buga ta duka, amma bai adana ba, wai sai ya gyara kurakurai tukuna. Kafin ya fara gyaran, jikinta ya ɗau zafi, ta fara rawar sanyi. Ya rufe murfin, ya ga fitila tana kiftawa, ya kai mahaifiyarsa asibiti. A ranar kuma taransifomar unguwar ta ƙone.

Kwana biyar suka yi. Da suka dawo, fitilar ba ta kiftawa. Ya kai kwamfutar wurin masu caji, ya buɗe, ya tarar da farin shafi. Ya dawo ya durƙusa a gefen tabarma ya ce, “Mama, waƙar kakar nan, ki daure ki sake rera mini.” Ta dube shi, ta ce, “Wace waƙa, ɗana?”

To, ga ma'anar misalin. Kwamfutar nan zuciyar mutum ce, aikin da yake buɗe kuma nauyin da kowa yake ɗauke da shi: 'ya'ya, ciwo, gona, hidimar ikilisiya. Gyangyaɗi shi ne irin hutun da yawancinmu muke yi, jiki a zaune, zuciya tana aiki. 'Yar fitilar ita ce damuwa. Muna sonta, domin muna tsammani ita take tsare mana abubuwanmu, alhali ita take cinye ɗan ƙarfin da ya rage mana. Dogon barcin shi ne ka tattara komai ka danƙa wa Ubangiji, ka sake shi, ka huta da gaske. An tanada mana shi tuntuni, amma ba ya kunna kansa, kai ne za ka sa masa alama.

Ba daga sama nake yi muku magana ba. Shekara ashirin da shida ina koyar da wannan aji namu na ikilisiya, na gaji, kuma na san gajiyar ba ta yawan aiki ba ce kaɗai. Na sha yin addu'a in ce na miƙa, ina cewa amin in sake leƙawa ko fitila tana nan. Ina ganin fuskokinku kowace Lahadi, na san ba ni kaɗai ba ne.

Mutumin nan ba ragwanci ne ya ci shi ba, ba kuma rashin sani ba. An nuna masa, ya gwada, ya ga yana yi, amma ya fi yarda da tsaron idonsa. Yau ranar hutu ce. In kun koma gida, ku kira damuwarku da sunanta a gaban Allah, ɗaya bayan ɗaya, ku bar ta a can. Kada ku jira sai ƙarfinku ya ƙare, a ranar da aka fi bukatarku.