Akuyar Inna Kyauta a Ƙasan Rijiya

Me ka jefa a ƙasan zuciyarka ka rufe, kana fatan kada kowa ya leƙa?

Akwai wani mutum mai rijiya a ƙofar gidansa. Ruwanta garai ne mai sanyi, duk unguwa a nan suke ɗiba. Mutumin, wanda ake kira Baban Damaris, dattijo ne a ikkilisiya, idan ya yi addu'a har na bayan majami'a suna jin muryarsa. Kusa da shi kuma akwai wata gwauruwa da ake kira Inna Kyauta, wadda ba ta da komai sai akuya guda.

Wata rana da tsakar rana, mutane duk suna gona, akuyar ta shiga lambunsa ta cinye masa yakuwa. Zuciya ta ɗebe shi, ya kai mata duka da fartanya, ta faɗi ba ta ƙara motsi ba. Ya duba hagu da dama, bai ga kowa ba. Sai ya ɗaura mata ɓarin dutsen niƙa, ya tura ta cikin rijiyar, ya mayar da murfi.

Da yamma Inna Kyauta ta fito tana cigiya. Shi ne ya fara taya ta nema, har ya tsaya ya yi mata addu'a. Da ya gama ya ce, "Ke ma, Inna, da laifinki. Dabba ai ɗaure ta ake yi." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Baban Damaris."

Ba a daɗe ba ruwan ya fara wari. Maƙwabta suka ce a kira masu yasar rijiya. Ya hana, domin ya san abin da za su tarar. Ya sayo sabon guga, ya gina wa rijiyar baki da siminti, ya sa mata murfin ƙarfe mai fenti. Masu wucewa suna yaba gyaran, ruwan kuwa yana ƙara ɓaci. Ya zuba magani, ya kwashe guga bayan guga ya zubar, washegari warin ya dawo.

Sai 'yarsa Damaris ta kwanta da amai da gudawa. Ya zauna a gefen tabarmarta yana kallon yadda idanunta suka faɗa, ya san sarai abin da ya kayar da ita. Duk da haka bakinsa ya ƙi buɗuwa, gama sunansa yana da daɗi a gari.

Yana nan zaune sai ga Inna Kyauta da tulu a ka, tana haki. Ta sauke ta ce, "Daga rafi na ɗebo, na tafasa. A ba yarinya. Ruwan rijiyarka kam, Baban Damaris, ko akuyata mai kwaɗayin nan da tana nan ba za ta sa baki ba."

Ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya dubi ƙafafunta da suka yi buɗu-buɗu da ƙurar hanyar rafi, ya durƙusa.

"Inna, akuyarki tana cikin rijiyar. Ni na kashe ta, ni na jefa ta."

Ta dube shi. Can ta ce, "Kai ka kashe ta, kai ka yi mini addu'a, kai ka kuma ce laifina ne?"

"Ni ne."

"Allah ya ji. To, tashi. Kuka ba zai fito da ita ba. Nemo igiya."

Ya kira maƙwabta, ya faɗa musu da bakinsa. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka da kansa. Cikin waɗanda suka riƙe igiyar har da Inna Kyauta. Ya fito da mushen da dutsen a gaban kowa, jikinsa duk laka. Aka kwashe ruwan har ƙasa. Da aka kwana biyu idon ruwa ya kawo sabo, garai kamar na dā. Damaris ta tashi. Mutumin ya jawo akuyarsa mai ciki, wadda ta fi kyau a garkensa, ya kai wa Inna Kyauta da rana tsaka.

Ma'anar wannan misali ita ce: rijiyar zuciyarka ce, mushen kuma muguntar da ka aikata ka binne. Siminti da fenti su ne ibadar da muke yi domin idon mutane, doguwar addu'a da baikon kuɗi mai ƙara a majami'a. Ba sa taɓa abin da ke ƙasa.

Kada kowa ya ce zunubinsa na ɓoye shi kaɗai ya shafa. Ƙarya ne. Wasu ne ke shan ruwanka: 'ya'yanka, matarka, da marar ƙarfin da ka zalunta sannan ka hau kansa da wa'azi. Wannan na ƙarshe ya fi ƙona mini rai, domin ya yi yawa a cikinmu.

Amma ku lura, 'yan'uwa, ba a cike rijiyar da ƙasa ba. Idon ruwa yana nan da rai, mushen ne kawai ya ɓata abin da yake kawowa. Haka alherin Yesu Almasihu yake. Bai zo domin ya rufe ka ba, ya zo ya tsarkake ka, shi ne kuma yake riƙe da igiya sa'ad da kake sauka.

Saboda haka ina roƙonka, kada ka ƙara sayen fenti. Ka ambaci abin da sunansa a gaban Allah yau. Idan akwai wata Inna Kyauta a rayuwarka, da an tashi sujada ka je ƙofarta, ka faɗa mata gaskiya, ka mayar mata da abinta.