Firintar da ta tona asirin Injiniya

Akwai wani injiniyan kwamfuta da ba ya bari mutum ya kai ƙarshen magana. Kana cewa "Injiniya, ai…" zai ɗaga maka yatsa: "Na gane, na gane." Har mahaifiyarsa ta daina kiransa, saƙon murya take tura masa don ta samu ta gama.

Shi ke kula da wata cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta, amma daga nesa, tafiyar awa huɗu. A cibiyar akwai wani akwati da ake kira suwic, inda wayoyin duk kwamfutoci suke haɗuwa. Daga ofishinsa yake shiga cikinsa ta laftof, ya buɗe wannan ramin jona waya, ya rufe wancan.

Ranar wata jarrabawa aka ƙaro kwamfutoci ashirin. An jona su, amma ramukansu a rufe suke sai Injiniya ya buɗe. Ƙarfe sha biyu daidai za a fara, kuma wanda bai shiga a kan lokaci ba sai baɗi.

Ƙarfe goma da rabi ya zauna da kofin shayinsa. Aikin minti biyar ne, in ji shi.

Ya danna harafi ɗaya. Shiru. Ya ƙirga har goma sha biyar kafin harafin ya fito. Ya danna na biyu, allo ya daskare, aka koro shi waje. Ya sake shiga, aka sake koro shi.

Ya kira sakatariyar cibiyar, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Anti.

"Anti, wa ya taɓa min suwic?"

"Ba wanda ya taɓa, ɗana. Sai dai na lura…"

"Na gane. Kashe shi ki kunna."

Anti ta hau kujera da ƙafarta mai ciwo, ta zare waya, ta mayar. Ba abin da ya canza. Ya sa ta sauya waya. Ya sa ta karanta masa launin fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ya zagi kamfanin intanet, ya zagi wanda ya ƙera suwic ɗin da zuriyarsa.

Abin haushin, can sai abu ya saki ya yi gudu kamar ba shi ba. Ya fara rubutu, ya buɗe rami biyu, sai ya sake cijewa.

Sha ɗaya da kwata. Masu jarrabawa sun cika barandar cibiyar. Wata mai goyo tana kai da kawo tana jijjiga jariri tana karanta takarda. Manajan cibiyar ya shigo ofis ya fita ya fi sau bakwai, rigarsa ta jiƙe. A ƙarshe ya karɓi wayar ya sa ta a sifika.

"Injiniya, mutum goma sha takwas ba su da kwamfuta. Me zan ce musu?"

"Ranka ya daɗe, matsalar daga wajenku take. Wani ya yi wasa da kayan. Ka san idan aka bar wa waɗanda ba su san aikin ba…"

Anti ta ajiye takardun hannunta. Ta matso kusa da wayar.

"Ɗana, yau sai ka ji ni. Idan ka katse ni zan kashe wayar nan."

Ta ci gaba:

"Sabuwar firintar nan tana cin takarda. In ta ci, sai in kashe ta in zaro. To duk lokacin da na kashe ta, sai in ji ka ce," ta shaƙe murya ta yi irin tasa, "'Yawwa, yawwa, ya dawo!' Da na kunna kuma sai, 'Kai! Kai! Wane irin abu ne wannan!' Sau uku ke nan. Ni ban san boko ba, amma na san ihunka da firintar nan tare suke tashi."

Manaja ya toshe baki. Wani malami ya fita waje da gudu don ya yi dariyarsa a sarari.

Nan take Injiniya ya tuno wani abu. Kowace na'ura tana da lambarta, kamar lambar gida, kuma biyu ba sa zama a lamba ɗaya. Shekaranjiya da aka kawo firintar, shi ya ba da lambarta ta waya yana tuƙi. Bai buɗe jerin lambobin ba, don a ganinsa duk suna kansa.

Ya buɗe jerin yanzu. Lambar suwic ya ba firinta. Tun safe rabin umarninsa wajen firinta yake tafiya.

"Anti," ya ce, muryar ta koma ƙarama, "don Allah ki kashe firintar."

"Me ka ce? Layin ba kyau."

"Don Allah, Anti."

Ta danna. Saura minti goma sha biyu. Injiniya ya shiga buɗe ramukan, fitilu suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, Anti na ƙirga masa da ƙarfi. Mai goyon nan ce ta ƙarshe da ta zauna, saura minti biyu, ta miƙa wa Anti jaririn.

Manaja ya ɗauki wayar.

"Ka ce wani ya yi wasa da kayan. Sunan wa zan rubuta a rahoto?"

Injiniya ya amsa:

"Nawa, ranka ya daɗe."

Darasi: Ilimi ba ya hana ka kuskure, kuma wanda yake tsaye kusa da abu yana ganin abin da kai ba ka gani daga nesa. Ka bar mutum ya gama maganarsa kafin ka ɗora masa laifi. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku mai katse mutane, ku ce ya karanta har ƙarshe.