Gida Mai Lamba Sifiri

Othniel ma'aikaci ne a wata ƙungiyar agaji da ke yi wa 'yan gudun hijira rajista a sansanin Damare, a shekarar da mutanen Michika da Mubi suka kwararo Yola. Yana da kaifin kai, ban hana shi ba, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Ko shayi ba ya bari ya huce.

Fom ɗin da suke cikewa a kwamfuta hawa biyu ne. A sama ake rubuta gida: sunan mai gida, lambar waya da inda aka sauke su. Sai an adana wannan tukuna kwamfuta take ba gidan lamba, sannan a shigar da mutanen gidan a ƙasa, kowa a rataye shi a jikin lambar. To, sabis ɗin Damare sai a hankali, lambar kan yi minti biyu ba ta fito ba.

Wata rana Othniel ya ce bari ya ga abin da zai faru in ya sa sifiri a gurbin lambar. Fom ya karɓa! Daga ranar ya daina jira. Ya zuba sunaye ya wuce, saman kuwa ko ya adanu ko bai adanu ba, oho.

Abokiyar aikinsa Naziha ta leƙo. "Wai sunayen nan ina suke zuwa?"

"Suna ciki mana. Ni mutum ɗari nake yi a rana, ke arba'in."

"Ciki ina?"

Ya yi dariya kawai, don shi ma bai sani ba.

Bayan wata biyu, an riga an rarraba iyalai da yawa a gidajen jama'a, sai ga wani dattijo mai suna Manasseh. Ta Kamaru ya zagayo a ƙafa, yana neman matarsa da 'yarsa.

"Ɗana, duba mini. Yarinya na, sunan shi Lilian Manasseh."

Othniel ya buga, sunan ya fito, shekara tara. Dattijon ya durƙusa a ƙasa yana kuka.

"Yana da rai! Yana ina?"

Othniel ya buɗe gidanta. Gida mai lamba sifiri ne: ba mai gida, ba waya, ba unguwa, ga mutum sama da dubu uku a ƙarƙashinsa. Duk shi ya zuba su da hannunsa. Kunya da tsoro suka rufe shi.

"Baba, ban sani ba."

"Ba kai ne ka rubuta shi ba?"

Manasseh ya yi ta bin coci-coci a Jimeta yana cigiya. Har Othniel ya bar aikin, bai ji labarin dattijon ya same su ba.

Darasi: in ka ga an gindaya ƙa'ida a aiki, tambayi dalilinta kafin ka tsallake ta. Sauri ya haifi nawa, kuma sau da yawa ba mai saurin ne yake shan wahalar ba.