Bakin da Ya Ceci Jumare, Ya Rasa Auta

Akwai wani manomi mai suna Abarshi a wani ƙauye da ke bakin dajin Birnin Gwari, tun kafin mulkin Turawa. Ku gyara zama, don irin wannan labarin sai a shafina.

Yana saurayi ya bi fatake dako har Lokoja. A can ya ji labarin Yesu Almasihu, aka yi masa baftisma, ya dawo gida da imanin da babu mai shi a duk ƙasar sai shi kaɗai. Bai iya karatu ba. Abin da ya riƙe shi ne, mai bin Almasihu ba ya ƙarya, kuma ba ya tsayawa kallo a zubar da jinin marar laifi.

Mutanen gari kan tsokane shi.

"Abarshi, yau me Ubangijin naka na bakin kogi ya ce?"

"Ya ce ka mayar da kazar maƙwabcinka," in ji shi. A kwashe da dariya.

'Ya'ya shida matarsa Saude ta haifa, biyar suna ƙasa. Saura Auta, ƙaton saurayi da ake shirin yi wa aure.

Bayan girbi, wata rana da hantsi, Auta ya ga gafiya ta shige rami a bayan rumbunan gari. Ya cusa ciyawa, ya sa wuta don hayaƙi ya koro ta. Iska ta juya. Kafin a ɗebo ruwa, rumbu tara sun zama toka. Abincin shekara ya tafi saboda gafiya ɗaya, ita ma ba a kama ta ba.

Babu wanda ya ga Auta sai ubansa, da ke kan rufin ɗaki yana gyara jinka.

Gari ya nemi mai laifi, aka faɗa kan Jumare, wani makiyayi baƙo da ya wuce ta wurin da shanunsa. Ya roƙa a bar shi ya rantse da Alƙur'ani, dattawa suka ƙi. A al'adarsu gwaska zai sha, wato ruwan ɓawon itace mai dafi. In ya amayar, ba shi da laifi. In ya mutu, an gama shari'a. Abarshi kuwa ya sha ganin masu gaskiya sun sha sun mutu.

Ya kira ɗansa ɗaki.

"Je ka faɗa da bakinka."

"Baba, ka san hukuncin. Sayar da ni za su yi, su sayo hatsi."

Saude ta durƙusa ta riƙe ƙafar mijinta.

"Maigida, ba ƙarya na ce ka yi ba. Shiru kawai. Shiru ma zunubi ne?"

"In Jumare ya mutu ina kallo, ni na ba shi dafin."

"To Allahn naka bai san biyar na binne ba?"

Abarshi ya shiga daji ya durƙusa, yana roƙon Ubangiji ya buɗe wata hanya. Ya jira har rana ta take. Babu abin da ya ji sai kukan kurciya.

Da ya dawo, an taru a ƙofar maigari, an miƙa wa Jumare ƙwaryar gwaska.

"Ranka ya daɗe, a karɓi ƙwaryar nan," in ji Abarshi. "Ɗana ne. Da idona na gani."

Maigari ya dube shi, ya rage murya.

"Abarshi, rana ce ta buge ka. Ka ce ba ka gani sosai ba, mu wuce."

"Na gani sosai. Amma a ɗauke ni a madadinsa, a haɗa da gonata."

Madugun wasu fatake da suka sauka a garin ya matsa wa Abarshi hannu, ya duba haƙoransa, ya girgiza kai.

"Wannan tsohon ba zai kai Zariya ba."

Washegari aka sa wa Auta igiya, aka miƙa shi ga fataken. Bai yi kuka ba. Da ya zo wucewa ta gaban ubansa sai ya ce, "Baba, ka zaɓa." Bai waiwayo ba har daji ya rufe su.

Jumare ya kora bijimai biyu ya bi sawun fataken don ya fanso Auta. Bayan kwana ashirin ya dawo da bijimansa, babu Auta. An riga an sayar da shi ga wasu masu tafiya arewa.

Tun daga ranar Jumare ya kafa rugarsa a gefen gonar Abarshi. Shi ke nome masa, matarsa ke kai musu nono, yana kiransa Baba. Amma Saude ta shekara uku ba ta ce wa mijinta uffan ba.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi ta zauna kusa da shi.

"Ka yi nadama?"

"Kullum ina kukansa, Saude."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya juyo ya dube ta.

"Da za a sake miƙa wa bawan Allahn nan ƙwarya, zan sake magana."

Jumare ne ya haƙa kabarinsa. Auta kuwa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Darasi: Bin Allah yana da sauƙi ranar da ba ya cin ka komai. Ranar da zai ci abin da ka fi ƙauna, nan ake sanin imaninka, kuma ba lallai ka ga ladan da idonka a duniya ba. Wanda ya karanta ya yi shiru, na gan shi. Ku tura wa wanda yake tsaka da irin wannan jarrabawa.