Maigidan da Ya Sa Ƙusa a Gurbin Fis

Akwai wani mutum, kafinta, mai tsoron Allah, wanda ya gina ɗan gidansa a bakin gari da guminsa. Da aka gama gini sai ya kira mai aikin wuta ya ja masa waya. A lokacin ba shi da komai sai ƙwan fitila a kowane ɗaki, da fanka ɗaya, da rediyo. Saboda haka aka sa masa waya daidai da ɗan abin da yake da shi.

Kafin mai aikin wutar ya tafi, ya kai shi gaban wani ƙaramin akwati da ke jikin bango kusa da mita. Ya nuna masa babban makunni mai yanke wutar gidan gaba ɗaya. Ya kuma zaro wani ɗan farin tangaran, a cikinsa akwai 'yar waya siririya kamar zare. Ya ce, "Maigida, wannan shi ne fis. Abu biyu zan bar maka. In ka ga ya ƙone, kada ka yi fushi da shi, ka nemi abin da ya ƙona shi. In kuma gobara ta tashi daga waya, kada kowa ya zuba ruwa sai an sauke wannan makunni." Mutumin ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin ƙofa.

Shekaru suka wuce, Ubangiji ya sa wa gidan albarka. Yara suka zo. Matarsa ta sayi babban firji tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Aka sayi dutsen guga, aka sayi hita ta dafa ruwan wanka. Wata gwauruwa maƙwabciyarsu ta roƙa a ja mata wuta ko ta ƙwai ɗaya ce, mutumin bai iya cewa a'a ba, ya ja mata. Da mahaifinsa ya rasu, ya je ƙauye ya ɗauko mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon ƙafa, wadda idanunta suka fara dushewa. Ya gina mata ɗaki a bayan gida, ya yi mata gado da hannunsa. Da yake mutum ne mai iya gyare-gyare, bai ga dalilin kiran kowa ba. Ya hau cikin silin da kansa, ya jona sabuwar waya a jikin tsohuwa, ya naɗe mahaɗin da leda. Daga wannan mahaɗi, a saman ɗakin tsohuwar, ya raba wuta zuwa rumfar firji da gidan gwauruwar.

A unguwarsu kuwa wuta baƙuwa ce, ba a san ranar zuwanta ba, ba a san sa'ar tafiyarta ba. Don haka da zarar an kawo ta, sai kowa ya tashi a guje. Mai guga ta kama guga, mai hita ya tsoma hita a bokiti, firji ya hau ruri, fankoki su hau juyi, duk a lokaci ɗaya, kada a ɗauke kafin a gama. Kun san wannan gudu, domin mafi yawanmu da shi muka saba.

Sai fis ya fara ƙonewa. Gidajen maƙwabta da haske, nasa gidan ɗif. Mutumin yakan bar aikinsa ya zo ya zaro tangaran, ya ɗaura sabuwar siririyar waya, ya mayar. Ba a jimawa ta sake ƙonewa. Ƙanƙarar matarsa ta narke, masu saye suka koma wani gida. Abin da ya fi damunsa shi ne tsohuwarsa. A tsakiyar bazara yakan shiga ɗakinta ya tarar fanka a tsaye, ita kuwa tana kwance tana fifita da bakin zanenta, gumi ya jiƙe ta sharkaf, ba ta ce wa kowa komai ba. Wannan yana sosa masa zuciya ƙwarai.

Ya ce a ransa, "Wannan 'yar waya ba ta da ƙarfi, ita ce matsalata." Ya ninka ta biyu. Ta yi kwanaki, ta ƙone. Ya ninka ta huɗu. Ta daɗe kaɗan, ita ma ta ƙone. Ran nan ya dawo a gajiye, ya tarar da wutar gidan a kashe, matarsa tana kwashe zoɓon da ya yi tsami. Haushi ya kama shi. Ya sa hannu a aljihun aikinsa, ya zaro ƙusa, ya lanƙwasa ta, ya cusa ta a gurbin fis.

Daga ranar wuta ba ta ƙara yankewa a gidan ba. A kunna guga, a kunna hita, a kunna duk abin da aka ga dama, shiru kake ji. Matarsa ta yi murna. Yara suka ce babansu ya fi masu aikin wuta iya aiki. Shi kansa ya yi ta yi wa Allah godiya, har ya koya wa wani abokinsa dabarar.

Amma a can cikin silin, inda ba mai gani, wayar da aka ja domin ƙwan fitila da fanka ɗaya tana ɗauke da kayan gida guda da na maƙwabta. Ta fara zafi. Robar da ke jikinta ta yi laushi, ledar da ke mahaɗi ta narke. Alamu kuwa ba su ɓuya ba. Fitila takan yi ƙyaf-ƙyaf idan firji ya tashi. Bakin soket ɗin rumfa ya yi baƙi. Wata rana matar ta taɓa firji da jiƙaƙƙen hannu ya ja ta, aka yi dariya aka ce ta riƙa sa takalmi.

Tsohuwar idanunta ne suka dushe, hancinta lafiya lau. Wata safiya da ɗanta ya shiga gaishe ta, ta ce, "Ɗana, ɗakin nan yana ƙauri, kamar ana ƙona roba."

Ya ce, "Mama, bola ce ake ƙonawa a bayan gida."

Bayan 'yan kwanaki ta sake faɗa. Ranar an tsananta masa a wurin aiki, sai ya amsa da ɗan zafi, ya ce, "Mama, na ce miki bola ce. Ki kwantar da hankalinki." Ta ce, "To." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Wata ranar Asabar da rana aka kawo wuta bayan an daɗe ba a gan ta ba. Kashegari Lahadi ce, ranar sujada a coci, ga kayan sawa ba a goge ba, ga firji ya huce. Aka kunna kome da kome. Mutumin yana tsakar gida yana feƙe katako, sai ya ji tari daga bayan gida. Ya ɗaga kai ya ga baƙin hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin kwanon ɗakin mahaifiyarsa.

Matarsa ita ma ta gani. Ta suri bokitin ruwa ta nufi ɗakin. A nan ne maganar mai aikin wuta ta faɗo masa, wato ta biyun, wadda bai yar ba. Ya daka mata tsawa ya ce, "Ajiye ruwan nan! Goge hannunki, je ki sauke babban makunni." Ta saki bokitin, ta goge hannu a zane, ta ruga ta sauke shi. Shi kuwa ya faɗa cikin hayaƙin.

Ya tarar da tsohuwar a ƙasa. Ta yi ƙoƙarin sauka daga gado, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, tana jan jiki tana laluben ƙofa a inda ba ƙofa. Silin yana ci da wuta a samanta, narkakkiyar roba tana ɗiga. Ya durƙusa ya goya ta. Yana fita wani guntun silin ya faɗo masa a dantse, bai sake ta ba sai da ya kai ta tsakar gida. Maƙwabta suka taru, suka watsa yashi, da suka tabbata an yanke wutar suka bi da ruwa. Ɗakin tsohuwar ya ƙone, da gadon, da 'yan kayan da ta zo da su daga ƙauye. Sauran gidan ya tsira.

Kashegari mai aikin wutar nan ya zo, shi ma yanzu ya yi furfura. Ya hau ya duba, ya sauko da guntun waya da ta ƙone ƙurmus. Ya buɗe akwatin bango ya zaro tangaran. Ga ƙusa nan daram, ko ɗan lahani babu. Bai yi wa mutumin faɗa ba, domin ya ga hannunsa a naɗe, ya ga idanunsa. Ya dai ce a hankali, "Maigida, ƙusarka tana da ƙarfi. Tun da ta ƙi ƙonewa, dole wani abu ya ƙone a madadinta."

Mutumin ya je inda mahaifiyarsa take kwance tana tari, ya durƙusa a gabanta, ya nemi gafara. Ta lalubo kansa ta dafa. Ta ce, "Kullum ina jin ƙaurin, ɗana, yana ƙaruwa. Na ga ka gaji, kowa yana jan ka, sai na ce kada in ƙara maka." Da jin haka ya kifa fuskarsa a bakin tabarmarta, ya yi kuka mai zafi.

Bayan haka ya bar mai aikin wuta ya yi aikinsa. Aka cire tsohuwar waya, aka sa mai kauri, aka ba firji layinsa dabam, aka rufe kowane mahaɗi yadda ya kamata. Aka mayar da siririn fis a gurbinsa. A gidan aka kafa doka, in ana guga ba a tsoma hita.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Gidan nan ranka ne, da iyalinka, da duk waɗanda Ubangiji ya sa a ƙarƙashin inuwarka. Kayan wutar su ne nauyin da muke ɗora wa kanmu. Ku lura, ba ko ɗaya a cikinsu da yake mugun abu. Sana'ar mata abu ne mai kyau, taimakon gwauruwa abu ne mai kyau, riƙon tsohuwa kuwa umarni ne. Mutumin nan ba mugu ba ne, ba na so kowa ya tashi daga nan yana ganinsa wawa. Ƙauna ce ta sa ya ɗauki ƙusa, ƙauna da gajiya. Ina jin tausayinsa, domin na san irinsa da yawa a ikkilisiya: suna cikin kowane kwamiti, suna ɗauke da dangi, suna gudu daga safe har yamma, ba wanda ya taɓa tambayarsu ko wayar za ta iya.

Siririn fis shi ne lamirin da Allah ya sa a cikinka, wanda Ruhu Mai Tsarki yake magana ta wurinsa. Da gangan aka yi shi siriri. Aikinsa shi ne ya katse maka jin daɗi tun abin bai yi nisa ba. Shi ne yake hana ka barci bayan ka yi wa matarka baƙar magana. Shi ne yake sa addu'a ta yi maka nauyi sa'ad da ka taɓa abin da ba naka ba. Wani lokaci kuma yakan zo da muryar mutum, ɗan'uwa ko dattijo ko ɗanka na cikinka, ya ce maka, "Baba, ka canza." A sa'an nan gidan yakan yi duhu, ka ji haushi, ka ce wannan mutum ne matsalata.

Ƙusa ita ce duk abin da muke cusawa domin mu daina ji. "Kowa ma haka yake yi." "Ai don yara nake yi." "In na samu sarari zan gyara." Da fari mukan ninka uzuri biyu, mu ninka huɗu, a ƙarshe mu taurare zuciya gaba ɗaya. Sai shiru ya zo, mu ɗauka salama ce, har mu yi godiya a kanta. Salamar Ubangiji takan zo bayan an gyara abin da ya lalace. Shirun ƙusa kuwa yana zuwa ne tun ana cikin lalacewa.

Idan lamirinka ya tsai da kai, yi abin da aka faɗa wa maigidan nan. Kada ka yi fushi da shi, nemi abin da ya ƙona shi. Sauke makunni, ka tsaya cik a gaban Allah. Rage kayan da suka fi ƙarfinka, ko da masu kyau ne. Abin da yake ɓoye a cikin silin kuma, kada ka naɗe shi da leda. Kai shi wurin Yesu Almasihu, wanda ya san yadda aka gina ka, ba ya kuwa kunyatar da mai zuwa wurinsa da ƙonannen hannu.

Ina kuma roƙonku, in an tashi daga nan, kowa ya je ya buɗe ɗan akwatin nan na jikin bangonsa ya duba. Na ga wasu iyaye maza suna sunkuyar da kai, ban kira sunan kowa ba. In akwai ƙusa ko waya mai kauri a gurbin fis, in soket yana zafi, in kuna jin ƙaurin roba, ku sauke makunni ku kira wanda ya san aikin. Wannan ma ibada ce.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi mini ciwo. Mai sa ƙusa sau da yawa ba shi ne yake kwana a ƙarƙashin wayar ba. Wani ne, mara ƙarfi, wanda ba ya iya gudu. Wataƙila a gidanka akwai wanda ya faɗa maka sau ɗaya, ya faɗa sau biyu, ka amsa da zafi, ya ce "To," ya yi shiru. Kada ka ɗauka ya daina jin ƙaurin. Tausayinka yake ji. Ka je wurinsa yau, tun kafin ka ci abincin rana, ka zauna, ka ce masa, "Abin nan da ka faɗa mini, sake faɗa, yanzu ina ji."