Sunan Barmo a Ƙarƙashin Zane

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da, ana ce masa Malam Haladu. Ya rubuta ɗan littafi kan lokutan shuka, da shi kuma za a auna shi: in Shehin garin ya karanta ya gamsu, a shimfiɗa masa buzun karantarwa a babban zaure. Buzun nan tun yana saurayi yake kallonsa.

To, a tsakiyar littafin akwai zanen taurarin damina, kuma ba nasa ba ne. Na Malam Barmo ne, wanda aka kora daga garin kan zargin duba, wanda kuma ya taɓa kiran Haladu jakin littattafai a bainar jama'a.

Ku saurara. Haladu ya sa takalmi, ya bi Barmo har ƙauyen da ya fake.

Barmo ya ƙare masa kallo. "Wa ya turo ka?"

"Ba kowa, Malam. Izinin zanenka na zo nema."

"Izinin korarre? Ko so kuke in amsa da bakina nawa ne, ku ƙara mini laifi?"

"Wallahi izini kawai."

"To sa. Amma kada ka gyara mini tauraro ko ɗaya. Na san karambaninka."

Haladu ya dawo, ya rubuta a ƙarƙashin zanen: na Malam Barmo ne, da yardarsa na kwafo, ban sauya komai ba.

Shehi na karanta littafin, yana kaiwa wurin ya ɗora yatsa. "Haladu, me ke tsakaninka da mutumin nan?"

"Allah gafarta Malam, zanensa ne."

"Zane kam ya yi. Kankare sunan. Ai ilimi na Allah ne, ba na wane ba."

Ni fa maganar nan na daɗe ina yi mata kallon tuhuma. Gaskiya ce, ban musa ba. Amma har na tsufa ban taɓa jin ta a bakin wanda aka ɗauke wa ba, kullum a bakin mai ɗauka take. Shi Shehin kuwa sunansa na nan ɓaro-ɓaro a kan duk abin da ya rubuta.

Haladu ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, taurarin na Allah ne. Ciwon wuyan kallonsu na Barmo ne."

"Ko sunan, ko buzun. Zaɓi."

Haladu ya tattara takardunsa, ya zuba a gafaka, ya yi sallama. Aka shimfiɗa wa wani buzun. 'Yan gari suka ce ai dama bakinsu ɗaya da korarre. Barmo ma da labari ya kai masa, cewa ya yi, "Akwai dai abin da yake nema."

Kuna jira in ce daga baya an gane, an ba Haladu haƙuri? Ban ji haka ba, ba kuma zan ƙara abin da ban ji ba. A ƙofar gidansa ya karantar har ya rasu.

To ku, 'ya'yana masu aika maƙala mujallu: faɗin mai abu amana ce, ko kana ƙinsa, ko za ta ja maka asara. Ka ɗauko hoto, ka ɗauko jadawali, rubuta na wane ne, daga ina, ya yarda ko bai yarda ba, ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Kada ka jera sunayen manyan farfesoshi kawai, wannan neman inuwa ne. Sunan da ba ka son a gani kusa da naka, na abokin gabarka, na ɗalibarka, shi za a tambaye ka ranar gobe.