Katakon Makara

"Mayar da shi inda ka ciro shi!"

"Yaya, rage murya. Zaure ne nan, mutane na wucewa."

"Su ji mana! Katakon makara za ka yi wa masu shan shayi benci da shi? Kai ko tsoron Allah babu?"

"Gawa ta san maɗaci? Ko a kan kara aka ɗora ta, kabari za ta."

"To, Allah Ya nuna mana."

"Amin. Shiga ciki, Inna na kiran ki."

Ya 'yan'uwa, a wani zaure aka yi wannan cacar baki, a unguwar Koki, tsakanin wani mutum da yayarsa Jummai. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da dangi a garin nan.

Mutumin nan kafinta ne, kuma gwani. Bencuna yake yi da tebura, irin waɗanda ake ajiyewa a ƙofar gida da bakin kasuwa, rana ta doke su, ruwa ya doke su, suna nan. Da aka fara laccar siyasa a gari, masu shayi kuma suka yawaita, sai aiki ya yi masa yawa. Abu ɗaya ya rasa, katako mai kyau. Wanda jirgi ke kawowa daga kudu ya yi wuya. Shi kuwa ya yi wa Ɗantani mai shayi na Ƙofar Wambai alkawarin dogon benci na maɗaci, ya yi ta cika baki a kai.

Ana nan sai ladanin unguwa, Malam Lawal, ya sa aka kawo masa makarar masallaci. Ƙusoshinta sun saki, a ɗaure su. Aikin ke nan, ba wani ba. Amana ce aka ajiye a zaurensa.

Ya duba dogayen katakon nan biyu da ake kamawa a ɗauki gawa. Maɗaci ne tsoho, ja wur, tun na kakanni. Shaiɗan ya zauna kusa da shi.

Ya cire su. Ya sa na rimi a madadinsu, wanda gara ta riga ta shiga. Ya kwaɓa garin katako da ƙaro ya toshe ramukan, ya goge, ya shafe da koren fenti. A nan Jummai ta same shi. Ta yi faɗan da kuka ji, daga baya ta yi shiru, don ƙaninta ne, ciki ɗaya.

Makara ta koma masallaci tana sheƙi. Malam Lawal ya yi ta sa albarka. Benci ya tafi Ƙofar Wambai. Aka ɗauki wani tsoho marar jiki a makarar, ba ta yi ko ƙara ba. Mutumin ya ce a ransa shi ke nan, ya sha.

Haka zunubi yake. Yakan bari ka sha sau ɗaya don ka saki jiki.

Damina ta sauka. Makara na jingine a bangon masallaci, danshi na shigar ta, gara na aikinta a ƙarƙashin fenti. Wa ya gani? Allah Ya gani.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, Inna ta cika. Mahaifiyarsu. Mace ce mai jiki.

Kun san ba ma jinkirta gawa. Kafin rana ta ɗaga, mata sun fara yi mata wanka, an tafi haƙa kabari. Jummai ta tare shi a bakin ƙofar cikin gida, idonta jajir.

"Ka faɗa, ko in faɗa."

"Yaya, don girman Allah. Zan samo wata. Wallahi ba za a ɗora ta a kan waccan ba."

Ta yarda da rantsuwarsa, ta koma wajen gawa.

Ya fita a guje, ba hula, har Ƙofar Wambai. Ya tarar da bencin cike da 'yan dako suna kurɓar shayi. Ya tsaya yana kallon sa. Ai da hannunsa ya datse katakon, ya fere, ya huda. Ko an ba shi kyauta ba ya komawa makara. Ɗantani ya ce, "Malam, lafiya? Zauna mana, aikinka ne, ko giwa ya ɗauka." Ya juya ya kama hanya.

Ya dawo ya sami Malam Lawal a ƙofar gida cikin jama'a. Ya raɓa kusa da shi.

"Malam, da an aro makarar unguwar gaba."

"Aro? Muna da tamu, wadda ɗan mamaciyar ya gyara da hannunsa? Haba. Ai wannan ita ce albarkar haihuwa. Wace uwa ce ta samu haka?"

Jama'a suka ce, "Gaskiya ne. Allah Ya yi maka albarka."

Ya 'yan'uwa, a nan ƙofar tuba take, a buɗe. Kalma ɗaya ce. Ya ce, na ci amana, kada ku ɗora ta. Da ya sha kunya ta yini ɗaya, da uwarsa ta isa makwancinta da mutunci. Ya dubi fuskokin mutanen da ke ganin girmansa. Ya dubi makara. Ya haɗiye maganar.

Ya zaɓi sunansa a kan uwarsa.

Aka yi salla, aka ɗaga. Shi ya san inda ramin gara ya fi girma, wajen tsakiya ta dama. Ya shiga nan ya sa kafaɗa. Ya ce a ransa, in na tallafe wurin nan har kushewa, babu mai sani. Makara na kuka a kunnensa, ƙas, ƙas, shi kaɗai ke ji. Gumi ya jiƙa rigarsa. Yana ta salati, ba don mamaciya ba, don katako.

Amma kun san al'adarmu. Ba mai riƙe makara shi kaɗai. Kowa na son lada, wannan ya kama ya saki, wancan ya karɓa. Aka taɓa kafaɗarsa, ya ƙi. Aka sake taɓawa, ya ƙi. Mutane suka ce ƙauna ce, wasu har da hawaye. Sai wani dattijo, abokin mahaifinsa, ya riƙo hannunsa.

"Ɗana, ba kai kaɗai ta haifa ba, duk unguwar nan ta goya. Bar mu mu samu ladan."

Ya janye shi da ƙarfi, cikin tausayi.

Ba su yi nisa ba. A wani lungu inda ruwan kwata ya kwanta, katakon dama ya karye. Na hagu ya bi shi. Inna ta zame daga cikin tabarma ta faɗi a taɓo, likkafani ya baje da baƙin ruwa.

Daga bakin karayar garin katako na zuba, gara na fitowa fara fat. Malam Lawal ya durƙusa ya murza garin a yatsunsa. Ya ɗago ya dubi kafintan. Kowa ya gane.

Wani mai gida a lungun ya ciro ƙyauren ƙofarsa. Aka sake mata sutura, a kan ƙyauren baƙo aka kai ta.

Kafin sadakar uku labari ya gama birni. Masu shayi suka ji cewa da katakon da ya ɗauki gawarwaki aka yi bencin Ɗantani. Wa zai zauna? Wa kuma ya san sauran da me aka yi su? Aka riƙa kawo su ana jibgewa a ƙofar gidansa, bencuna da tebura, har da waɗanda ba su da laifi. Ko masu tuya ba su ɗauka don wuta ba. Jummai ta kwashe kayanta ta bar gidan. Har yau ko sunansa ba ta kira. Zartonsa ya yi tsatsa. Daga baya hankalinsa ma ya taɓu.

Ya 'yan'uwa masu sana'a, abin da kuka rufe da fenti ba ku ɓoye shi ba, ajiye shi kuka yi. Algus ba ya tafiya da mai saye, yana zagayowa. Cin amana ya kayar da mutumin nan rabi. Shirun da ya yi don kada a ga aibinsa, shi ya ƙarasa shi. Kunyar da ka ƙi sha a gaban mutane goma, za ka sha ta a gaban gari, sannan akwai ta gobe kiyama.

Ya Allah, Ka tsare hannuwanmu daga amanar da ba za mu iya riƙewa ba. In mun karkace, Ka ba mu bakin faɗa tun da sauran lokaci. Ka jiƙan iyayenmu, kada Ka sa mu zama sanadin tozartarsu. Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye zuriyarmu.

Mutumin yana nan da rai. Za ku gan shi a ƙofofin masallatai, zaune a ƙasa, ba ya yarda ya hau katako. Ba ya bara. In malami ya fito sai ya kama gefen rigarsa, ya yi masa tambaya ɗaya. Malamai da yawa sun ji ta. Sukan sunkuyar da kai su zare rigarsu a hankali.

"Malam, don Allah gaya mini. Da ta faɗi, ta ji?"